Kwikwiyar da Yara Suka Tsinto: Kada a Jira Sai Ta Haihu

Bayan la'asar, a wani lungu na Tudun Wada cikin Gusau, yara uku sun shigo zaure da kwalin taliya suna rige-rigen magana. A cikin kwalin akwai wani ɗan abu jaja-jaja yana rawar jiki. Daga ƙarƙashin kwalbati suka zaro shi, inda ya kwana biyu yana kuka babu uwa. Maigida ya rage muryar rediyo, ya kama fatar wuyan abin ya ɗaga, ya leƙa cikinsa.

"Kai, ku maishe ta inda kunka ɗauko ta. Wagga mace ta."

"Baba, don Allah a bar muna ita, tana yi muna gadi in ta girma."

"In ta girma, duk karnukan garin ga a ƙofar gidan ga za su kwana."

Maganar maigidan gaskiya ce, kuma ita ce dalilin da ya sa a ƙasar 'Yandoto, daga Gusau zuwa Tsafe da Bunguɗu, namijin kwikwiyo ke samun gida, mace kuwa ta ƙare a bola. Amma akwai gidajen da tausayi ke rinjaye. Uwargida ta sa baki, a zuba wa kwikwiyar kunu a murfin tukunya, ta tashi tare da yara. Bayan wata bakwai ko takwas sai abin da aka faɗa ya tabbata: karnuka su yi dafifi a ƙofar gida, dare ya zama na faɗa da haushi, maƙwabta su fara kawo ƙara. Wata biyu bayan haka ta zube 'ya'ya shida ko bakwai a bayan rumbu. A raba mazan, a kwashi matan cikin buhu a kai bakin rafi. Can ma wasu yaran za su tsinci wadda ta rayu.

Yanzu da rashin tsaro ya sa gidajen da ba su saba ajiye kare ba suka koma ajiyewa, domin haushinsa cikin dare yana ba mutum sararin farkawa, wannan magana ta wuce a kawar da kai. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya karɓi kwikwiya mace ya karɓi tambayar haihuwarta tun ranar da ta shigo gida. Ra'ayina shi ne a yi mata aikin hana haihuwa, kuma ga irin karnukanmu na gida a yi shi tana wajen wata 6, kafin ta fara neman barbara. Kada a yi gaggawar yi tana jaririya, kada kuma a zauna jiran ta haihu tukuna.

1. Mene ne aikin?

Mun saba da fiɗiya da dandaƙa ga namijin dabba, don haka wasu ke zaton na mace ma abu ne da za a yi a gindin bishiya. Ba haka ba ne. Tiyata ce cikakkiya. Likitan dabbobi zai yi wa karyar allurar barci, ya tsaga cikinta ƙasa da cibiya, ya ɗaure jijiyoyin jini, ya cire jakunkunan ƙwai guda biyu, galibi tare da mahaifa, sannan ya ɗinke. Daga ranar ba ta ƙara neman barbara, ba ta ƙara ɗaukar ciki, kuma ba a mayar da abin da aka cire. Shi ya sa zaɓen lokaci ke da nauyi.

2. Lafiya tukuna, sannan wuƙa

Kwikwiyar da aka tsinto ba ta zuwa da takardar haihuwa, amma bakinta yana faɗin watanninta. Haƙoran nono guda 28 ne, ƙanana masu tsini, suna gama fitowa wajen mako 6. Tana kai wata 4 sai ta fara famfara, na gaba su zube, manya su maye gurbinsu. Fiƙoƙin manya suna fitowa tsakanin wata 5 da 6, kafin wata 7 kuma bakin ya cika da haƙora 42. Saboda haka ranar da ka ɗaga leɓenta ka ga manyan fiƙoƙi sun tsaya, ka san lokaci ya yi ko ya kusa.

Kafin a kai nan akwai aikin da ya fi gaggawa. Kusan duk ɗan kwikwiyon titi yana ɗauke da tsutsar ciki, kuma ita ce ke sa ka gan shi da tulun ciki da ƙasusuwa a waje. Yana buƙatar maganin tsutsa, a maimaita bayan mako biyu. Akwai kaska, wadda ke sa masa cutar da ke shanye jini, wani lokaci har ta hana jinin daskarewa. Karyar da ke cikin wannan hali in aka tsaga ta, zubar jini na iya kashe ta a kan tebur. Akwai kuma cutar fabo, mai zuwa da amai da gudawar jini mai wari, wadda ke kashe 'yan kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Riga-kafinta ana fara shi daga mako 6 zuwa 8, a maimaita har wajen wata 4.

Sai babbar maganar, ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma huɗu cikin kowane goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kwikwiyar da ba a san uwarta ba tana iya ɗauke da ƙwayar cutar makonni ko watanni ba ta nuna komai ba. Yara kuwa su ne ke sa mata yatsa a baki. Don haka a hana wasan cizo, a yi mata allurar hauka da zarar ta kai wata 3. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin wannan allura a cikin ƙasar nan. In kuwa ta ciji wani ko ta yage shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar, ita kuma a tsare ta kwana 10 ana lura da ita. In kuɗinka ba su isa komai ba sai abu ɗaya, allurar hauka za ka fara yi. Tiyata tana iya jiran wata guda. Wannan ciwo kuwa in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, sai dai a yi haƙuri.

3. Wata shida ko shekara guda?

A nan ne likitocin dabbobi na duniya kansu suka daɗe suna muhawara, kuma ya kamata mai karatu ya ji hujjar kowane ɓangare.

Masu cewa a yi da wuri suna kafa hujja da wani bincike da aka yi a Kalifoniya ta Amurka a 1969 a kan ciwon dajin nono. An gano cewa in aka kwatanta da karyar da ba a yi wa aiki ba, wadda aka yi wa kafin barbararta ta farko haɗarinta bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba. In an yi bayan zagaye na farko ya koma kashi 8, bayan na biyu kashi 26. A 2012 masana a Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan sun sake duba irin waɗannan bincike suka ce hujjar ba ta kai ƙarfin da ake ba ta ba. Ban ga laifin wannan gyara ba. Amma akwai cutar da babu jayayya a kanta, wato taruwar mugunya a mahaifa. Bincike a ƙasar Suwidin ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na karnuka mata da ba a yi wa aiki ba suna kamuwa da ita kafin su kai shekara 10. Tana zuwa ne cikin makonnin da ke bin barbara: karya ta daina cin abinci, ta yi ta shan ruwa, cikinta ya kumbura, wani lokaci mugunya ta riƙa fita. Maganinta tiyatar gaggawa ce, mai tsada da haɗari. Mutumin da ke Kwatarkwashi ko 'Yandoton Daji, in wannan ya same shi da dare, ina zai nufa? Wadda aka cire wa mahaifa ta tsira daga wannan gaba ɗaya.

Masu cewa a jinkirta su ma suna da abin faɗa. Daga 2013 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka fara fitar da bincike da ke nuna cewa manyan karnuka, in aka yi musu aikin kafin ƙashinsu ya gama girma, sun fi kamuwa da ciwon gaɓoɓi, musamman ƙugu da gwiwa. Dalilin shi ne sinadaran balaga suna da hannu wajen rufe bakin ƙashi in girma ya kammala. In aka cire su da wuri sai ƙashin ya ɗan zarce tsawonsa, gaɓa ta rasa daidaitonta. Wannan ne ya sa za ka ji wasu na cewa kada a taɓa karya sai ta shekara.

Abin da ake mantawa shi ne a 2020 waɗannan masana sun duba karnuka masu gaurayen jini, suka kasa su bisa nauyi. Waɗanda suka kai kilo 20 zuwa sama, a cikinsu aka ga ƙarin ciwon gaɓoɓi in an yi aikin kafin shekara. Waɗanda ba su kai kilo 20 ba, ba a ga wannan ƙari ba. To, karen gidanmu, siriri mai dogayen ƙafafu da tsukakken ciki, wanda mafarauta ke fita da shi bayan kaka, galibi bai kai wannan nauyi ba. Gargaɗin jinkiri na mai karen 'yan sanda ne, wanda ake kira Alsatian, da mai Rottweiler da ire-irensu da ake gani a gidajen masu hali. Shi wannan ya jira shekara ɗaya ko fiye, bisa shawarar likitansa, da sharaɗin yana da katanga da ƙofa da za su tsare karyar makonni uku cur in ta fara barbara.

Wannan sharaɗi shi ne ya yanke mini hukunci. Baturen da ya jinkirta, karyarsa a ɗaki take kwana, da igiya take fita. Mu kuwa gidanmu darni ne ko katangar ƙasa da damina ta ci, zaure a buɗe, yara na shiga da fita. Karya tana fara barbara tsakanin wata 6 da shekara ɗaya, abin yana ɗaukar mako biyu zuwa uku, kuma dare ɗaya ya isa. Ciki kwana 63 ne. A irin gidajenmu, cewa "a jira ta shekara" daidai yake da cewa "a jira ta haihu". Kuma haihuwar wadda ita kanta ba ta gama girma ba, ga ƙarancin abinci, haihuwar guzuma ce, ɗa kwance uwa kwance.

Akwai ƙarin abu guda da ba a cika ambata a littattafan Turai ba amma likitocinmu sun san shi sarai: wani tsiro mai zubar jini da ke fita a al'aurar karnukan da ke yawo, wanda ke yaɗuwa daga kare zuwa karya ta hanyar barbara. Ana warkar da shi da allurai na makonni, amma da kuɗi da wahala. Karyar da ba ta taɓa barbara ba da wuya ta haɗu da shi.

Can ɗaya gefen kuma, sauri ya haifi nawa. Kwikwiyar da ba ta kai wata 3 ba, jikinta bai iya riƙe ɗumi sosai ƙarƙashin allurar barci, riga-kafinta bai kammala ba, kuma an lura cewa waɗanda aka yi wa da ƙuruciya haka sun fi fama da yoyon fitsari in sun manyanta. Tsakanin wata 5 da rabi zuwa 7, tana da ƙiba daidai, dasashinta jajir, ta gama allurai, nan ne wurin tsayawa. In kuwa barbara ta riga ka, kada ka matsa a yi aikin a tsakiyarta, domin jijiyoyin mahaifa suna cike da jini a lokacin. Ka kulle ta sosai, ka ƙirga wata biyu zuwa uku bayan ta gama, sannan a yi.

4. "Bari ta haihu sau ɗaya"

Wannan magana ta zama ruwan dare, kuma ba ta da tushe a likitance. Haihuwa ɗaya ba ta ƙara wa karya lafiya, ba ta gyara mata hali. Abin da take ƙarawa kawai shi ne bakuna shida ko bakwai da ba a shirya musu ba. Mafarauci da ke da karya ta kirki, mai hanci da gudu, wanda abokan dawa suka riga suka yi kamun 'ya'yanta, wannan maganarsa daban ce, kuma ina ganin hujjarsa. Ya san uban, ya san gidan da kowane ɗa zai je. Wanda nake magana da shi shi ne mai kwikwiyar kwali, wanda in an tambaye shi inda zai kai 'ya'yan ba shi da amsa.

Ana kuma cewa wadda aka yi wa aiki takan yi ƙiba ta zama malalaciya, ta daina gadi. Rabin maganar gaskiya ne. Buƙatarta ta abinci tana raguwa, don haka in aka ci gaba da cika mata kwano kamar da, za ta yi teɓa. A rage tuwon. Gadi kuwa yana nan, domin tsare gida ba daga mahaifa yake fitowa ba. Hasali ma karyar da ke bin karnuka cikin dare, ko take kwance tana shayarwa, ita ce ke barin gida babu mai tsaro.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu zuwa kemis su sayo allurar tazarar haihuwa ta mata su yi wa karya. Tana iya hana barbara na ɗan lokaci, amma tana daga cikin sanannun abubuwan da ke jawo mugunyar mahaifa da ƙullutun nono. Arha ce da ke ƙarewa a asarar dabbar. A daina.

5. Ina addini ya tsaya?

Ƙasar 'Yandoto ƙasar karatu ce tun kafin jihadin 1804, kuma har yau ba a yanke shawara a gidajenmu sai an tambayi abin da littafi ya ce. Haka ya dace. Masu ƙin aikin suna tsoron kada ya shiga cikin canza halittar Allah, kuma tsoro ne da ya kamata a girmama.

Sai dai fiƙihun da muka gada bai rufe ƙofar ba. Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wadda ake karantawa a kowane zaure, ta halatta dandaƙar tumaki da awaki saboda amfanin da ke ciki, ta hana ta dawaki. Ke nan hukuncin yana bin maslaha da cutarwa. Littafin ya kuma yarda a ajiye kare don gona, ko kiwo, ko farautar neman abinci, kuma masu sharhi sun kawo labarin cewa shi kansa mawallafin ya ajiye kare don tsaron gidansa a lokacin da tsoro ya yi yawa. Mun san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, mun san na matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa. Ni ba mai fatawa ba ne, kowa ya tambayi malaminsa. Amma in za ka tambaya, ka kai tambayar cikakkiya. Ka ce: Allah gafarta Malam, ga tiyatar da ake yi da allurar barci sau ɗaya, ga kuma buhun 'yan kwikwiyo da ake jefarwa su mutu da yunwa duk shekara, ko su rayu su ciji yaran unguwa, wanne ne ƙaramar cuta? Malamai na zamani da dama da aka yi wa irin wannan tambaya a kan kyanwa da kare sun halatta, matuƙar an yi don tunkuɗe cutarwa kuma ba a azabtar da dabbar ba.

6. Wa zai yi, kuma a wane yanayi?

Likitan dabbobi mai rajista, ba mai yawo da jaka yana yi wa awaki allura ba. A fara da asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa, a tambaya kai tsaye ko suna yin wannan aiki da kuma irin allurar barcin da suke amfani da ita. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kowanne tafiyar kusan kilomita 200 daga Gusau.

In akwai zaɓi, hunturu ya fi, domin babu ƙuda da yawa kuma rauni yana saurin bushewa. Damina lokacin ƙuda da tsutsa ne, bazara kuwa zafin Afrilu yakan kai maki 40. Amma kada jiran hunturu ya sa barbara ta riga ka. In wata shidanta ya faɗo a bazara, a yi da sassafe a ajiye ta a inuwa. Bayan aikin tana buƙatar kwana 10 zuwa 14 a ɗaki mai tsabta, ba gudu ba tsalle. A hana ta lasar ɗinkin, ko da ta hanyar yanke gindin ƙaramin bokitin roba a sa mata a wuya ne. Kada a shafa toka ko baƙin mai a wurin. Kada a ba ta maganin ciwon jiki na mutane, domin irin su ibuprofen suna lalata wa kare ciki da ƙoda.

Na san kuɗin aikin ba ƙaramin abu ba ne ga magidancin da ke fama da hatsi, kuma hanya ba kullum take biyuwa ba. A nan ne hukuma ke da rawar takawa. Abin da aka saba yi in karnuka sun yi yawa shi ne a sa guba ko a harbe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da bayyana cewa kisan gayya ba ya kawar da ciwon hauka, domin wasu karnukan ne ke cike gurbin cikin ɗan lokaci, ga shi har waɗanda aka yi wa allura ana haɗawa a kashe. Abin da ke yanke cutar shi ne a yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri riga-kafi, kuma wannan kaso ba ya tsayawa in kowace shekara ana zubo sababbin 'yan kwikwiyo marasa allura. A birnin Jaifur na Indiya an fara kama karnukan titi tun 1994, ana yi wa matan aikin hana haihuwa da allurar hauka a sake su inda aka kamo su, kuma a unguwannin da shirin ya game, mutuwar mutane daga wannan ciwo ta sauka har ta kai babu.

Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da za a kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cizon mahaukacin kare, kuma tun 2024 Najeriya tana da ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwo. Duk ranar 28 ga Satumba ana bikin ranar yaƙi da wannan ciwo, a wurare da dama har da allurar kyauta. Abin da nake roƙo ga gwamnatin Zamfara da ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bunguɗu shi ne su haɗa wannan rana da rajista: mai unguwa ya rubuta gidajen da ke da kwikwiya mace, sannan a ware mako guda cikin Disamba, a gayyato likitoci da ɗaliban ajin ƙarshe daga Sakkwato da Zariya, a yi wa waɗanda aka rubuta aikin a kan farashi mai sauƙi.